Damo Sarkin Haƙuri: Lacca Kan Kiwon Damon Hamada a Gidajen Garwa

 

 

Da wani aminina ya ji abin da zan yi magana a kai, sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Malam, shanu sun ƙare ne, ko tumaki?" Ban ga laifinsa ba. A wurinmu kiwo na nono ne, na layya, na kuɗin kashewa ranar da ta ɓaci. To amma yaranmu suna riƙe da waya, suna ganin yadda mutanen Turai da Amurka ke ajiye ƙadangaru a ɗaka, har da raɗa musu suna. Abin mamakin shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi so ɗin nan daga ƙasashen da ke kusa da mu ake kwasarsa, daga Nijar da Mali da Cadi. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Bari in fara da laifina. Shekarun baya ɗan ƙanena ya shigo gida da wata dabba cikin kwali, ya ce ya saye ta hannun wani direba da ya fito daga arewacin Cadi. Na leƙa, na ce, "Ai damo ne." Muka sa shi a tsohon kejin kaji, muka ajiye ƙarƙashin mangwaro kusa da randa, wai don kada rana ta dame shi. Yara suka dinga kamo masa fara da gyare, wani lokaci har da guntun nama. Wannan a watan Maris ne. Bai taɓa kuka ba, bai ciji kowa ba, bai yi yunƙurin gudu ba. Kowa ya zo sai ya ce, "Kai, damo sarkin haƙuri!" Cikin watan Agusta, da safe bayan ruwan dare, muka tarar da shi ya sandare. Sai daga baya na gane cewa duk abin da muka yi masa da sunan alheri shi ya kashe shi: inuwar, danshin, da naman. Wata biyar yana mutuwa a gaban idonmu, muna yaba haƙurinsa.

Abin da na zo faɗa ke nan yau. Akuya in ta ji yunwa za ta hana unguwa barci. Kaza in ba ta da lafiya za ka ga ta saki fukafukai. Damo kuwa shiru zai yi har ya mutu. Wanda zai riƙe shi dole ya koyi karanta shirunsa.

Damo biyu, suna ɗaya

Kuskurena na farko a suna yake. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Damon da muka sani a dajin nan namu, daga gindin duwatsun Tingelin har zuwa Faro da Buba Njidda, ɗan'uwan guza ne. Yana da dogon wuya, da doguwar wutsiya marar ƙaya, harshensa kuma a rabe yake biyu kamar na maciji. Abincinsa fara, gyare, ƙadandoniya, dodon koɗi, har da kunama. Da damina yake sha'aninsa, ya ci ya yi ƙiba, in rani ya yi ya shige rami ko kogon itace ya yi watanni bai ci komai ba.

Wanda ya shigo gidana daban ne. Kansa gajere ne, dunƙulalle kamar na kunkuru. Cikinsa da faɗi. Wutsiyarsa gajera ce mai kauri, an jera mata ƙayoyi zobe bayan zobe. Masana kimiyya suna kiransa Uromastyx, sunan da wani Bajamushe, Blasius Merrem, ya raɗa masa a 1820 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wutsiya da bulala. Da Faransanci ana ce masa fouette-queue, ma'anar dai ɗaya ce. Wannan ɗan ganye ne. Zan kira shi damon hamada.

Larabawa sun fi mu rarrabewa: ɗan'uwan guza suna ce masa waral, damon hamada kuma dabbu. Dabbun nan ne malamanmu ke fassarawa da damo idan suna karantar da hadisi. Kun san labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na ranar da aka kawo gasasshen dabbu a ɗakin Nana Maimuna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, aka amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanen Manzo, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci. Hukuncin cin wannan da wancan na bar wa malamai, su ne masu fagen. Abin da na ɗauka a labarin shi ne, tun wancan zamani an san dabbu ɗan wata ƙasa ce ta musamman, ba ko'ina ake samunsa ba.

Irinsa da yawa. Akwai na duwatsun Azbin a Nijar, da Hoggar a Aljeriya, da Adrar na Ifogas a Mali, wanda ake kira Uromastyx geyri. Tsawonsa kamar santimita 35, wani ja-ja kamar garwashi, wani ruwan ɗorawa. Akwai Uromastyx dispar, wanda ya bazu daga Muritaniya da Mali har Tibesti da Ennedi a Cadi, ya kai Sudan. Akwai babbansu na Masar da ƙasar Larabawa, mai wuce santimita 70. Ku duba jerin nan da kyau: babu Garwa a ciki, babu kwarin Binuwai. Duk damon hamadar da ka gani a garin nan baƙo ne, wani ya ɗauko shi daga nesa.

Kafin ka miƙa kuɗi

Tunda ɗauko shi aka yi, sai mu tambaya ta wace hanya. Akwai yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda ake kira CITES. An sa mata hannu a birnin Washinton a 1973, Kamaru ta shiga a 1981. Dukkan nau'o'in damon hamada suna cikin jeri na biyu na wannan yarjejeniya tun 1977. Ma'anarsa, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito. Damon da aka ɓoye ƙarƙashin kujerar mota aka tsallaka iyakar Kusiri da shi, kayan fasa-ƙwauri ne, ko da mai saye bai sani ba. Damonmu na gida da guza su ma suna cikin yarjejeniyar.

A cikin gida kuma, dokar dazuzzuka da namun daji ta 1994 ta kasa dabbobin daji gida uku gwargwadon kariyar da ake ba su, an kuma maye gurbinta da sabuwa a 2024. Ajiye naman daji a gida yana buƙatar izinin Ma'aikatar Dazuzzuka da Namun Daji. Mu mutanen Garwa ba mu da uzurin jahilci a nan. Makarantar horar da jami'an namun daji, wadda kowa ke kira Ecole de Faune, a garin nan take tun 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, ita ce kuma ke ba gwamnati shawarar kimiyya kan dabbobi a ƙarƙashin yarjejeniyar da na ambata. Masu ilimin suna bayan gidanmu. A je a tambaye su.

Shawarata ta farko mai sauƙi ce: kada ka saya. Kowane damon da aka saya a bakin titi, kira ne ga mai kamawa ya koma ya tono wani ramin. Dabba ce mai jinkirin girma, sai ta shekara biyu zuwa huɗu kafin ta fara ƙwai, sau ɗaya kuma take yi a shekara. In aka kwashe manya daga dutse guda, sai an daɗe kafin wurin ya farfaɗo. Amma na san a cikinku akwai wanda ya riga ya samu, ko kyauta aka ba shi, ko yaro ya shigo da shi kamar yadda ya faru da ni. Sauran maganata da shi nake.

Rana ce tukunyarsa

Jikin damo ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu. Da safe yakan fito daga rami jikinsa ya yi duhu, ya baje a kan dutse yana shan hantsi. Yana ɗumama, launinsa na washewa. Sai jikinsa ya ɗau zafi sosai sannan cikinsa ke iya narkar da ganye, domin wasu ƙananan halittu ne a hanjinsa ke yi masa wannan aiki, su kuma sai da zafi. Damon da aka ajiye a inuwa, ko ya ci, abincin zama zai yi a cikinsa ya ruɓe.

Masu kiwonsa sun daidaita a kan cewa dutsen da yake shan rana a kai ya kai digiri 45 zuwa 50, ɗaya gefen gidan kuma ya tsaya wajen digiri 27 zuwa 30, da dare ya sauka kusa da 20. Mutumin Jamus sai ya sayi fitilu masu tsada kafin ya sami haka. Mu Allah ya ba mu kyauta. Bayan zafi, akwai wani haske a cikin rana da ido ba ya gani, wanda ke sa fata ta samar da bitamin D, shi kuma ya sa jiki ya karɓi sinadarin ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske. Damon da ke shan rana ta bayan gilashi, ƙashinsa zai yi laushi, muƙamuƙinsa ya lanƙwashe, ƙafafunsa su riƙa rawa.

Sai dai a yi hattara. A watan Maris da Afirilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40 a inuwa. A hamada in rana ta take, damo ramin da ya haƙa yake komawa, mai zurfi da sanyi. In ka bar shi cikin bokiti ko kejin ƙarfe a tsakar rana babu mafaka, kafin ka idar da sallar azahar ya mutu. Rana da mafaka tare suke tafiya, shi ne zai zaɓi inda zai zauna.

Ga yadda za a gina masa wuri. A zaɓi gefen gida da hantsi ke sauka. A ja ginin bulo mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, tsayin kusan mita ɗaya, a shafe cikinsa da siminti sumul don kada ya hau. A nutsa harsashin ginin ƙasa sosai, domin gwanin haƙa ne. A zuba tsakuwa a ƙasa, a bi da cakuɗen yashi da jar ƙasa mai kauri wadda rami zai tsaya a cikinta. A aza faffaɗan dutse a gefen rana, a kafa shi da kyau don kada ya haƙa ƙarƙashinsa ya danne shi. A kifa fasasshen tulu a gefen inuwa. A rufe sama da ragar waya saboda shaho da kyanwa da kare, a kuma sa ido kan kwarkwasa. Damo ɗaya a gida ɗaya, domin maza biyu faɗa za su yi har ɗaya ya daina cin abinci.

Damina ce jarrabawa

Nan ne Garwa ta bambanta da ƙasarsa. Ruwan da ke sauka a Agadas cikin shekara bai cika wuce milimita 150 ba. Namu yakan kai wajen milimita 1,000, daga Mayu zuwa Oktoba, Agusta kuma ya fi kowane wata. Ga kogin Binuwai a gefenmu, ga tafkin Lagdo can sama. Iskar daminarmu jiƙaƙƙiya ce, bango ma sai ya yi gansakuka. Huhun damon hamada da fatarsa ba a yi su don wannan ba. Danshi yana sa masa ciwon huhu, yana ruɓar da wutsiya tsakanin ƙayoyin, yana fito masa da ƙuraje a ciki.

Saboda haka tun kafin ruwan farko a yi wa gidansa rumfa, a ɗaga ƙasan ya fi tsakar gida tudu, a tabbata ruwan indararo ba ya bi ta wurin. A bar iska tana ratsawa. Duk sa'ad da rana ta leƙo a buɗe masa ya sha. In hadari ya rufe kwana biyu ko uku, a kunna masa ƙwan fitila irin na da, mai zafi, a saman dutsensa. Fararen ƙwayayen zamanin nan masu tsimin wuta haske kawai suke bayarwa, ba su da ɗumi. Wuta kuma takan ɗauke, don haka a ajiye busasshen yashi a ɗaki na canji. Kada a fesa masa ruwa, kada a yi masa wanka don kwalliya. Hunturu kuwa bai dame shi ba in raminsa a bushe yake. Zai rage ci, ya yawaita kwanciya, wannan ɗabi'arsa ce.

Abin da zai ci

A nan ma mun fi Turawa sa'a, domin abincinsa yana kasuwarmu da bayan gidanmu. Ganyen zogale da furensa, ganyen wake, rama, lalo, furen kabewa, ɗanyar kuɓewa, gurzajjen karas da kabewa kaɗan. A yayyanka, a gauraya iri uku ko huɗu, a ba shi da hantsi bayan ya ɗumama. Sau ɗaya ko biyu a mako a watsa masa ɗan gero. Alayyafo da yakuwa a yi musu ƙaranci, suna da sinadarin da ke hana jiki karɓar abin gina ƙashi. Latas kusan ruwa ne zalla. Mangwaro da gwanda da kankana zaƙinsu ya yi masa yawa, suna sa shi zawo. A dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi lilis, a barbaɗa ɗan kaɗan a kan ganye sau biyu a mako.

Nama, kifi, madara, tuwo, burodi, duk a kawar. Fara ma, ko da ya karɓa, yawanta yana lalata masa ƙoda. Albasa, fiya, ganyen tumatir, ɗanyen ganyen rogo, tumfafiya da zurma guba ne. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: ƙasarmu ƙasar auduga ce, hedikwatar Sodecoton ma a garin nan take, kuma gonar auduga ba ta rabuwa da feshi. Masu lambu ma suna yi. Ganyen da ka tsinko a bakin gona, ko ka sayo ba ka san asalinsa ba, a wanke shi sosai. Mafi alheri ka shuka zogale biyu da ɗan wake a gida.

Ruwan shansa yawanci daga ganye yake samu. A ajiye masa ɗan faranti marar zurfi sau ɗaya ko biyu a mako, a ɗauke bayan ɗan lokaci. Wanda ya sha doguwar tafiya a mota yakan iso a bushe, shi a yawaita masa a makonnin farko.

Karanta shirunsa

Akwai abin da ke ba mutane tsoro alhali lafiya ce. Za ka ga farin gari kamar kanwa a bakin hancinsa: gishirin da ya yi masa yawa ne yake fitarwa ta nan, dabarar da Allah ya ba shi don ya tsimi ruwa. Za ka ga fari-fari a jikin kashinsa: fitsarinsa ke nan, a daskare yake yinsa. Za ka ga fatarsa na saɓewa gutsure-gutsure: girma yake, kada ka ɓare masa da hannu.

Abin tsoro kuwa ga shi. Ya wuni jikinsa a duhu ko da rana ta fito. Idanunsa su faɗa. Gindin wutsiyarsa ya rame har ƙasusuwan ƙugu su bayyana, domin a nan yake ajiye kitse. Ya riƙa numfashi baki buɗe a inuwa, ko majina na kumfa a hancinsa. Farin kashin nan ya koma rawaya mai tauri. Ya yi mako bai ci ba alhali lokacin zafi ne. Na ga huɗu daga cikin waɗannan a jikin nawa, na ce haƙuri ne. A samu ƙaramin sikeli a riƙa auna shi duk wata ana rubutawa, domin sikeli yana ganin abin da ido ke musu.

In ka ga alama, ka nemi likitan dabbobi, ka tafi da sabon kashinsa a duba tsutsar ciki, don wanda aka kamo daga daji da wuya a rasa ta. Kada ka ɗebi maganin shanu ka ɗura masa da ka. Ivermectin da muke yi wa garke allura da shi yana kashe kunkuru, dabba mai nauyin rabin kilo kuma kuskuren ɗigo ɗaya ya ishe ta.

Iyayena mata, wannan taku ce. Dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu, ba ta dame su ba, amma tana sa mutum zawo da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa damo ko farantinsa ya wanke hannu da sabulu. Kada a wanke kayansa inda ake wanke-wanke. Yaro ƙasa da shekara biyar a bar shi ya kalla daga nesa. In za a ɗauke shi, a tallafo cikinsa da tafin hannu, kada a ja wutsiya. Tasa ba ta gutsurewa ta sake tsirowa kamar ta ƙadangare, kuma bulalarta tana fasa fata.

Kammalawa

Damon hamada in ya samu kulawa yakan wuce shekara 15, wani har 20. Yaron da ya kawo shi yana aji shida zai yi aure ya bar shi a gidan. Wa zai share masa wuri a Agusta na goma? A tambayi kai tun yau. In kuma ka gaji, kada ka kai shi bayan gari ka sake da sunan 'yanci, damina ɗaya ta ishe shi. Ka miƙa shi ga jami'an namun daji. In ba haka ba ya zame maka ƙadangaren bakin tulu.

Malamanmu suna yawan tuna mana matar da aka ba da labarin ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwa ma ke nan, mai kuka, wadda maƙwabta ke iya ji. Ina ga wanda ko ƙara ba ya yi? Ranar da ka rufe ƙofar keji, ranarsa da inuwarsa da abincinsa duk sun dawo wuyanka. Kirarin da muke yi wa damo gaskiya ne, sarkin haƙuri ne. Ni dai na ga inda haƙurin ya kai nawa, a ƙarƙashin mangwaro, kusa da randa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke hannunmu, mai baki da marar baki.